Yadda sunan naman gwangwani ya koma sunan saƙon da ba a gayyata ba

Duk mai amfani da Gmail ko Yahoo, in ya duba gefe zai ga wani akwati da aka sa wa suna Spam. Nan ake jibge saƙonnin da mutum bai nema ba: tallan maganin ƙarfi, albishir ɗin cin cacar da bai shiga ba, wasiƙar wata baiwar Allah da ke neman wanda zai taya ta kwaso dukiyar mijinta daga banki. Mutane da yawa sun ɗauka haruffan nan huɗu taƙaitawar wata doguwar jimla ce ta masana kwamfuta, har akwai jimloli iri-iri da ake yawo da su ana cewa su ne tushen kalmar. Duk daga baya aka ƙago su. Sunan naman gwangwani ne, kuma sai da ya yi tafiyar sama da shekara 50 kafin ya iso akwatin imel. Ya ratsa yaƙin duniya, ya bi ta gidan talabijin na BBC, ya yada zango a ɗakunan kwamfuta na jami'o'i.

Na ga ya dace a bi wannan tarihi daki-daki, domin a cikinsa ake gane mene ne ainihin laifin irin wannan saƙo. Yawancinmu muna zaton laifin shi ne ƙarya, ko damfara, ko batsa. Waɗanda suka raɗa sunan wani abu dabam ne ya dame su.

Kamfanin Hormel, da ke garin Austin na jihar Minesota a Amurka, shi ya fito da naman a watan Yulin 1937. Naman alade ne, galibi na kafaɗa, wanda a lokacin ba ya ciniki sosai. Sai aka niƙa shi da gishiri da sukari da sinadarin hana ruɓewa, aka dafa shi a cikin gwangwani mai kusurwa huɗu, mai nauyin giram 340, yadda zai daɗe ba tare da firji ba. Wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Ken Daigneau, ɗan'uwan ɗaya daga cikin manyan kamfanin, shi ya kawo sunan, aka ba shi tukuicin dala 100. An fi yarda cewa ya haɗa farkon kalmar Turanci mai nufin abin da aka sa wa kayan yaji da ƙarshen kalmar da ke nufin naman cinyar alade. Kamfanin dai har yau bai fito ya tabbatar da hakan ba.

Yaƙin duniya na biyu ne ya kai naman ko'ina. Daga 1941 Amurka ta riƙa tura wa Birtaniya da Tarayyar Sobiyet abinci da makamai, kuma nama irin wannan, da ba ya lalacewa a jirgin ruwa, shi ya fi sauƙin aikawa. Abin da Hormel ya fitar waje a shekarun yaƙin ya haura tan 45,000. Nikita Khrushchev, wanda daga baya ya shugabanci Tarayyar Sobiyet, ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa ba don wannan nama ba da sun kasa ciyar da sojojinsu. Su kuwa sojojin Amurka ginsarsu ya yi. Safe da rana da dare abu ɗaya ake zuba musu, har suka riƙa rubuto wa kamfanin wasiƙun zagi, alhali da yawan abin da suke ci wasu kamfanoni ne suka yi, sunan kawai suka yafa wa kowane naman gwangwani. A Birtaniya abin ya fi daɗewa, don ba a daina rabon nama da kati ba sai a watan Yulin 1954, shekara tara bayan ƙarshen yaƙi. Yaran da suka taso a wannan tsakani sun ci Spam a gida, sun ci a makaranta, sun ci a gidan abinci. Babu inda za su juya ba su gan shi ba.

Waɗannan yara ne suka girma suka zama 'yan wasan barkwanci na Monty Python. Ranar 15 ga Disamba 1970 BBC ta nuna wani ɗan gajeren wasansu, wanda bai kai minti huɗu ba. Wani mutum da matarsa sun shiga wani ƙaramin gidan abinci, suka tambayi me ake da shi. Mai sayar da abincin ta fara lissafi: ƙwai da Spam, ƙwai da nama da Spam, wake da Spam, kuma tana gaba sunan yana ƙara yawa a cikin kowane kwano, har ya zama a wani kwanon sai an ambace shi sau da yawa kafin a ji sunan wani abu dabam. Matar ta ce ita fa ba ta son Spam, ko akwai abin da babu shi a ciki? Aka nuna mata wani kwano aka ce wannan kaɗan ne a cikinsa. Ta ce ita ko kaɗan ɗin ba ta so. A sauran teburan kuwa wasu mayaƙan Viking, wato mayaƙan arewacin Turai na zamanin da, ne zaune da hulunansu masu ƙaho, kuma da zarar an ambaci sunan sai su ɗauke shi da waƙa, suna maimaitawa suna ƙara murya, har ba a jin matar, ba a jin mijin, ba a jin mai abincin da ke yi musu tsawa su yi shiru. A cikin wannan ɗan lokaci an furta kalmar sama da sau 130. Ko da aka zo rubuta sunayen 'yan wasa a ƙarshen shirin, sai da aka cusa ta a tsakanin sunayensu.

Abu biyu ke cikin wasan nan, kuma su ne ma'anar kalmar har gobe. Na farko, ana tura wa mutum abin da ya ce ba ya so, ba a kuma bar masa hanyar ƙi ba. Na biyu, maimaicin ya yi yawan da ya danne maganar kowa. Ba a ce naman ya ruɓe ba, ba a ce guba ne ba. Mijin matar ma cewa ya yi yana so, a ba shi nata ya haɗa. Abin da aka rasa a ɗakin shi ne damar jin juna.

Halin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Tun a watan Mayun 1864 wasu likitocin haƙori a Landan suka buga wa 'yan siyasar Birtaniya waya ta tangaraho da yamma, a zamanin da ba a buga wa mutum waya sai da babban dalili, kuma abin da ke ciki shi ne lokutan da asibitinsu ke buɗe. A 1971 Ray Tomlinson ya aika imel na farko daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shekara huɗu kacal bayan haka, a Nuwamban 1975, Jon Postel, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina tushen intanet, ya rubuta wata 'yar takarda yana jan hankali cewa tsarin bai ba kwamfuta hanyar ƙin karɓar saƙon banza ba. An gina shi ne a kan yarda. Masu amfani da shi 'yan dubbai ne, malaman jami'a da injiniyoyi da jami'an soja, kusan kowa ya san kowa.

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko da ya karya wannan yarda ta imel shi ne Gary Thuerk, jami'in talla a kamfanin kwamfuta na DEC. Kamfanin yana gabashin Amurka, yana son kasuwa a yamma. Ranar 3 ga Mayu 1978 aka tura wa mutum kusan 400 a kan ARPANET, wato kakan intanet, gayyatar zuwa kallon sababbin kwamfutocin kamfanin a Los Angeles da San Mateo. Daga littafin adireshi aka kwafo sunayen da hannu, kuma da yake manhajar ba ta ɗaukar adireshi da yawa haka, sauran sai suka malalo cikin jikin saƙon, mai karatu ya yi ta wuce jerin sunaye kafin ya kai ga tallan. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ke biyan kuɗin ARPANET, don haka wani manjo daga hukumar da ke kula da shi ya fitar da gargaɗi mai zafi cewa an keta ƙa'ida. Thuerk ya ce daga baya cinikin da tallan ya jawo ya kai dala miliyan 13. Amma a 1978 babu wanda ya kira abin da ya yi spam. Sunan bai iso ba tukuna.

Ta wajen 'yan wasa ya shigo. A shekarun 1980 ɗaliban jami'a da dama sun kamu da wasu wasannin kwamfuta da ake kira MUD, waɗanda aka fara a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978. Babu hoto a cikinsu, rubutu ne zalla. Mutum zai rubuta cewa ya shiga wani ɗaki, kwamfuta ta faɗa masa su wa ke ciki, su yi ta hira. Allon kwamfutar lokacin layi 24 yake ɗauka, kowane layi harafi 80, kuma layin wayar da ake haɗawa da shi a hankali yake kawo rubutu, har kana iya ganin haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. To, a irin wannan yanayi, in wani ya ga dama ya tura layi ɗaya sau ɗari, hirar kowa ta haye sama ta ɓace, sai a zauna jiran shirmensa ya gama wucewa. Ɗaliban nan kuma masu son Monty Python ne ƙwarai, sun haddace wasanninsu. Wasu ma kalmar Spam ɗin kanta suke turawa, suna kwaikwayon mayaƙan nan. Da haka aka fara cewa wane yana spam, wato yana cika wuri da maimaici har ya hana mutane magana. Brad Templeton, wanda ya bi diddigin kalmar ta hanyar tambayar mutanen da suka ga lokacin, a nan ya samo saiwarta.

Daga nan ta tsallaka zuwa Usenet. Wannan wani babban dandalin muhawara ne da ɗalibai biyu na Jami'ar Duke suka assasa a 1979, an karkasa shi zauruka dubbai, kowane zaure da batunsa: na lissafi dabam, na girki dabam, na kiwon kifi dabam. Ba shi da mai shi. Kowace jami'a ko kamfani na ajiye kwafin saƙonnin a kwamfutarsa, ya miƙa wa na gaba, kuma kowa da kuɗinsa yake biyan wurin ajiya da layin waya. Ranar 31 ga Maris 1993 wani mai suna Richard Depew ya gwada wata manhaja da ya rubuta don tsabtace zaurukan. Manhajar ta samu tangarɗa, ta riƙa ba wa kanta amsa, har ta zuba saƙo kusan 200 a zaure ɗaya. Joel Furr ne ake dangantawa da fara kiran wannan ambaliya spam a Usenet. A lura, Depew ba talla yake yi ba, bai kuma nufi kowa da sharri ba. Gyara ya zo yi. Duk da haka sunan ya kama shi, domin abin da ake kallo shi ne yawan.

A watan Janairun 1994 wani ma'aikacin wata jami'a a jihar Michigan ya bi zaurukan kaf ya liƙa wa'azin cewa ƙarshen duniya ya matso. Shi ma ba kuɗi yake nema ba, a ganinsa ceton mutane yake yi. Aka kira shi spam.

Wata uku bayan haka aka yi wanda ya sauya komai. Ranar 12 ga Afrilu 1994 wasu lauyoyi biyu, miji da mata, Laurence Canter da Martha Siegel na birnin Phoenix a jihar Arizona, suka sa aka rubuta musu 'yar manhaja da ta liƙa tallansu a zauruka sama da 5,500 cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Tallan na cacar bizar zama Amurka ne, wadda dokar shige da fice ta 1990 ta kafa, wadda kuma mutanenmu da yawa a Najeriya da Nijar da Gana suka sani sarai. A lokacin shiga cacar kyauta ne, takarda kawai mutum zai rubuta da sunansa ya aika ta gidan waya. Su kuwa suna neman a biya su su cike wa mutum.

Yadda suka tura saƙon shi ya fi ɓata wa mutane rai. Usenet yana da hanyar da mutum zai aika saƙo ɗaya ya ce a nuna shi a zauruka da yawa. In an yi haka kwafi ɗaya ake ajiyewa, kuma wanda ya karanta shi a zaure ɗaya ba zai sake ganinsa a wani ba. Lauyoyin nan suka ƙi bin wannan hanya, suka aika wa kowane zaure nasa kwafin. Mai bin zaure talatin sai ya ci karo da tallan sau talatin, kuma kowace kwamfuta a duniya da ke riƙe da Usenet ta ajiye kwafi dubbai da kuɗinta. Ƙorafi ya yi ta kwarara har kwamfutocin kamfanin da ke ba su intanet suka riƙa durƙushewa, kamfanin ya yanke musu layi. Ba su ba da haƙuri ba. Cewa suka yi sun samu cinikin dala 100,000, suka buɗe kamfanin yi wa wasu irin wannan aiki, suka kuma wallafa littafin koyar da shi. A 1997 kotun ƙolin jihar Tennessee ta soke lasisin lauyancin Canter, kuma wannan talla na cikin dalilan. Jaridu sun ɗauki labarin, kalmar ta fita daga bakin 'yan kwamfuta ta shiga bakin jama'a. Zuwa 1998 ƙamus na Oxford ya sa sabuwar ma'anar a gefen ta naman.

Akwai wani abu da masu kula da Usenet suka yi a wannan lokaci da nake ganin ya cancanci yabo, kuma ba a cika ambatonsa ba. Suna da ikon goge saƙonni, amma suna tsoron kada goge spam ya zama ƙofar toshe bakin duk wanda ba a son ra'ayinsa. Sai suka amince da wani ma'auni da Seth Breidbart ya tsara, wanda ba ya duba abin da saƙo ya ƙunsa ko kaɗan. Lissafi kawai yake yi: kwafi nawa aka tura na abu ɗaya, zuwa zaure nawa, cikin kwana 45. In makin ya haura 20, an goge, ko da ayar littafi mai tsarki ce, ko neman taimakon marayu. In bai haura ba an bari, ko da zagi ne. Sun fahimci cewa abin da suke karewa wuri ne na kowa da kowa, kuma mai cinye shi da gaskiya da mai cinye shi da ƙarya ɓarna ɗaya suke yi. Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota kusa da mai tallan magani da lasifika ya san wannan. Maganin yana iya zama mai kyau, amma kai da ɗan'uwanka da kuka zo sallama ba ku ji juna ba.

Daga 1995 masu wannan sana'a suka karkata zuwa imel, inda jama'a suka fi yawa. Dalilin da ya sa abin ya gagari kowa kuwa lissafin kuɗi ne. A gidan waya mai aikawa ke sayen kan sarki, saboda haka wanda zai aika wasiƙa dubu sai ya yi tunani. A imel kuɗin aika saƙo miliyan bai fi na aika ɗari da wani abin kirki ba, nauyin yana kan mai karɓa: lokacinsa, datarsa, da kwamfutocin kamfanin da ke riƙe masa akwati. Ƙa'idar aika imel da Postel ya rubuta a 1982, wadda har yanzu a kanta ake, ba ta ma tambayar ko mai aikawa shi ne wanda ya ce shi ne. A 2008 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya suka kutsa cikin wata rundunar kwamfutocin jama'a da ɓarayi suka kame suna aika spam da su, ana kiranta Storm. Suka bi saƙo kusan miliyan 350 na tallan magani cikin kwana 26. Mutum 28 ne suka yi yunƙurin saye, wato ɗaya cikin miliyan 12 da rabi. Kuma a hakan sana'ar na iya ci da kanta, tunda wutar lantarki da layin intanet ɗin na waɗanda aka kame wa kwamfuta ne.

Shi kuwa kamfanin Hormel ya shiga tsaka mai wuya. A 1997 lauyoyinsa sun rubuta wa Sanford Wallace, wanda ke alfahari da laƙabin sarkin spam, cewa ya daina amfani da sunan. Sun kuma yi shari'a da wani kamfanin tace imel na birnin Seattle mai suna Spam Arrest, suka sha kaye a 2007. Amma tun kafin wannan hukunci sun sassauto, suka ce ba su hana a kira saƙon banza spam da ƙananan haruffa ba, muddin za a rubuta nasu da manya, kuma kada a sa hoton gwangwaninsu a labarin damfara. Cinikinsu bai faɗi ba. A Hawai da Filifin ana cinsa sosai, a Koriya ta Kudu har tsaraba ake yi da shi lokacin bukukuwa.

Da gwamnatoci suka shigo, ra'ayi ya rabu, kuma a nan ne tarihin kalmar ya yi amfani. Tarayyar Turai a 2002 ta ce kada a aika wa mutum tallan imel sai da izininsa tun farko. Amurka kuwa, a dokar da George W. Bush ya sa wa hannu a Disamban 2003, ta hana adireshin ƙarya da taken yaudara, ta wajabta ba mutum hanyar cewa a daina, a kuma daina cikin kwanakin aiki 10. Amma ba ta hana aikawar farko ba. Ma'ana kowane kamfani yana da damar ƙwanƙwasa maka ƙofa sau ɗaya, kai ne za ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana roƙon a ƙyale ka. A ganina Turai ce ta gane matsalar. Dokar Amurka ta yaƙi ƙarya, ta bar yawa, alhali yawan shi ne ciwon. A Janairun 2004 Bill Gates ya faɗa a taron tattalin arzikin duniya na Davos cewa nan da shekara biyu za a gama da spam. Shekara huɗu zuwa shida bayan maganarsa, kusan tara cikin goma na duk imel ɗin duniya spam ne. Sai a watan Yunin 2015 ya sauko ƙasa da rabi, karo na farko tun 2003, kamar yadda kamfanin Symantec ya ba da rahoto.

Abin da ya fi doka tasiri shi ne manhajar tace saƙonni. A Agustan 2002 wani mai rubuta manhaja, Paul Graham, ya yaɗa wata dabara da ta dogara da lissafin Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila da ya rasu a 1761. Maimakon mutum ya zauna yana jera kalmomin da yake zargi, sai a ba kwamfuta tulin saƙonnin banza da tulin na kirki, ta ƙirga da kanta wace kalma ta fi fitowa a wane tuli. Graham ya tarar cewa ɗaya daga cikin manyan alamomin spam ba kalma ba ce ma, lambar ff0000 ce, wadda ake sawa don rubutu ya fito ja wur. Masu wannan aiki sun buƙaci sunan da za su kira tulin na kirki, sai suka koma wajen mahauta suka ce ham, wato naman gaske wanda ba a niƙa aka cusa a gwangwani ba. Wasu kuma sun nemi a mayar da nauyin kan mai aikawa, a sa kwamfutarsa ta warware wani ɗan lissafi kafin kowane saƙo ya fita. Dabarar Adam Back ta 1997 ke nan. Ba ta karɓu a imel ba, amma ita ce daga baya ta zama ginshiƙin haƙar kuɗin intanet na Bitcoin.

Ba zai yiwu a yi wannan bayani a tsallake sunan Najeriya ba, ko da babu daɗin ji. Wasiƙun damfara na "biya kaɗan ka samu da yawa" sun tsufa, an yi su a Turai tun ƙarni na 19 da labarin wani attajiri da ke tsare a kurkukun Sifaniya. Amma daga shekarun 1980 wasu 'yan Najeriya suka ɗauke su ta gidan waya da fas, sannan imel, har duniya ta san su da lambar 419, sashen dokar laifuka da ke hukunta zamba cikin aminci. Sashen na kundin da ake aiki da shi a Kudu ne, Arewa Final Kod take bi, amma lambar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A 2012 wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya yi tambayar da mutane da yawa ke yi: me ya sa ɗan damfara zai ci gaba da cewa daga Najeriya yake, bayan kowa ya san labarin? Amsarsa ita ce, aika saƙo ba ya cin komai, amma hira da wanda ya amsa tana cin lokaci. Labarin da ya fito fili da rainin hankali yana kore masu wayo tun daga ƙofa, ya bar wanda zai biya. Ta fuskar yawa kuwa, shekaru da dama Amurka ce ke kan gaba a jerin ƙasashen da spam ke fitowa daga kwamfutocinsu, kamar yadda rahotannin kamfanin Sophos suka riƙa nunawa. Amma tabon a jikinmu ya zauna, kuma ɗalibin da ya rubuta wa jami'ar waje neman gurbi, ko ɗan kasuwar da ya tambayi farashin kaya, shi ke biyan bashin da bai ci ba in wasiƙarsa ta faɗa akwatin da ba a dubawa.

A yau yawancin masu jin Hausa sun fi haɗuwa da wannan abu a waya fiye da imel. Saƙonnin tes na tallan waƙar kira da caca sun yi yawan da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito da lambar 2442 a 2016, wadda mutum zai tura wa STOP a rufe masa su. Sai kuma zaurukan WhatsApp, inda mai turawa ba baƙo ba ne. Kawu ne, ko abokin karatu, ko malamin unguwa, ya samu saƙon da aka ce a tura wa mutum ashirin, ya zuba shi a kowane zaure da yake ciki da kyakkyawar niyya. Sanarwar rasuwa ko neman jini ga mara lafiya sai ta nutse a ƙarƙashin bidiyo goma da kowa ya riga ya gani a wani zauren. Halin da mai wa'azin 1994 ya jefa mutane ke nan, sai dai nan kunya ba ta barin a yi magana.

WhatsApp ba ya iya karanta saƙonnin, domin a kulle suke tun daga wayar mai aikawa har ta mai karɓa. Don haka ya koma ga ma'auni irin na Breidbart, wato ƙirga. Bayan jita-jitar satar yara da ta jawo kashe mutane a Indiya, a 2018 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a can, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya a Janairun 2019. A Afrilun 2020, lokacin korona, ya ƙara matsewa: saƙon da ya riga ya bi hannu da yawa, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda. Cikin makonni kaɗan kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100.